Idon Hagun Jarumin Roba

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ciwon gwiwar nan? Ina fata Umma da kowa na gida suna lafiya. Ke kuma ƙanwata mai karanta wa Baba, sannu da ƙoƙari, amma kar ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki.

Takardarka ta iso. Na ƙirga, sau shida ka ambaci Auta, ni kuwa sau ɗaya, a inda ka ce in riƙa kula da shi. Lafiyarsa ƙalau, har tumbi ya fara ajiyewa.

Ka ce har yau ba ka gane aikina ba. Bari in sake gwadawa. Kamfanin da muke ciki ni da Auta yana ƙera mutum-mutumin jaruman fim, irin masu tashi sama da alkyabba suna ceton gari. Na roba ne, tsayinsa bai fi kamu ɗaya ba, kuma ba yara ake yi wa ba. Manya ne masu furfura suke saya su jera a kabad ɗin gilashi, wasunsu ko kwalin ba sa buɗewa. Auta yana hawa na uku tare da masu fenti. Ni ina ƙasa, a ɗaki marar taga, daga ni sai farar fitila da safar hannu da gilashin ƙara girma. Duk abin da za a fitar sai ya bi ta teburina. In lanƙwasa gwiwa da kafaɗa sau hamsin in ji ko za su saki, in tsayar da shi in ga ko zai kife, in bi layin da robar ta haɗu ko an goge shi, sannan in dawo kan fuska. Maki daga ɗaya ne zuwa goma. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba da goma ba, shi ya sa 'yan sama suke kirana Ba-Ya-Dariya.

Ka tuna ranar da muke rubuta allon shagon mai gyaran agogo, ka karɓe buroshi daga hannuna ka miƙa wa Auta, ka ce ni ido gare ni, shi hannu gare shi? Kai ka manta, na sani. Ni kuwa a kan maganar nan nake zaune kullum daga safe har yamma.

Ga abin da ya sa na rubuto. Za a fitar da sabon jarumi, ana kuma neman wanda zai shugabanci masu fentin fuska. Mutum uku aka sa su yi samfur. Jiya aka kawo mini, babu suna, sai lamba a tafin ƙafa, kuma wanda ya fi maki shi ke da kujera. Ina ɗaga na biyu na ga ɗan shuɗin nan da kake sawa a inuwar ƙarƙashin leɓe, wanda Auta ya koya a wurinka. Na je na gaya wa shugabar sashenmu cewa na gane hannun ƙanena. Ta ce ba ta da wani mai dubawa sai ni, in yi aikina kawai.

Baba, ya yi kyau. Fuskar kamar za ta yi numfashi. Ina rubuta wannan ne ba da son raina ba.

A gaida Umma.
Ɗanka, Mai Ido.

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, ina roƙonka ka saurari wannan har ƙarshe kafin ka yi fushi, don na san Auta ya riga ni a waya.

Samfur na farko fentinsa ya yi kauri, fuskar kamar sabulu, na ba shi biyar. Na uku tsaf yake, babu inda za ka kama, babu kuma rai a cikinsa, na ba shi takwas. Saura na Auta. Kwana biyu ina juya shi ban sami komai ba. Har ƙarƙashin alkyabba ya fenta, inda babu mai leƙawa. Sai na yi abin da kake yi in ka gama allo, ka juya masa baya ka kalle shi ta tsohon madubin motar nan da ke rataye a ƙofar shago. Ina da ƙaramin madubi a aljihun tebur, a kamfanin nan kaf ni kaɗai nake amfani da shi. Ina dubawa na ga ido ɗaya ya sauko, bai fi kaurin gashi ba. Ido da ido jarumin yana kallonka, a madubi kuwa kafaɗarka yake kallo.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Da na gani, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni har ƙafa, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Bayan nan sai tsoro ya kama ni, don ban san ko idona ne ya gani ko hassadata ba. Na wanke fuska na dawo. Na auna da ma'auni sau huɗu. Na kira mai ɗaukar hoton kaya ya ɗauka ya juya hoton, ban gaya masa abin da nake nema ba, shi da kansa ya ɗora yatsa a wurin.

Dokarmu ita ce mai aibi a ido ba ya wuce maki bakwai. In na yi shiru, Auta ya hau kujera, kuma za a kwafi fuskar nan sau dubbai da idonta a karkace. In na rubuta, mai takwas ya wuce shi. Na rubuta bakwai. A gurbin ƙarin bayani na rubuta cewa ban taɓa riƙe fuska mai kyan wannan ba, kuma hannun da ya yi ta ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Duka biyun gaskiya ne, na biyun ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Auta ya sauko da rana tsaka, fenti a hannunsa, ko sallama bai yi ba. Ya ce wa ya taɓa kallon kaya a madubi kafin ya saya? Ya ce ni da ko da'ira ba na iya zanawa ba tare da hannuna ya yi rawa ba. Sannan ya ce, “Yaya, tun muna yara kake jiran ranar nan.”

Ban musa ba. Na miƙa masa madubin da jarumin. Ya daɗe yana kallo, ya ajiye jarumin, ya fita da madubin.

Kwana shida ke nan ba ya ɗaga wayata. In ka ga na yi laifi, faɗa mini kai tsaye, kar ka aiko ta bakin Umma.

Ɗanka, Mai Ido.

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Na ji gwiwar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. A gaida Umma da mai karatu.

Shugabarmu ta karanta ƙarin bayanin, ta ce ba za ta yar da hannu irin wannan saboda kaurin gashi ba. Ta ba su duka ukun kwana biyar su sake. Wannan karon na sa samfurin Auta a gaba kamar maƙiyi. Na aro madubi na duba, na kifa shi kai ƙasa, na rage fitila, na ƙara. Har addu'a na kama kaina ina yi in sami wani abu. Babu. Na rubuta goma, alƙalamin yana nauyi kamar guduma.

Auta ne shugaba yanzu. An ba shi ɗaki mai taga biyu, ya rataya madubina a jikin bango, ya sa an sayo wa kowane mai fenti irinsa. A sama har sun fara cewa dabarar Auta ce. Jiya ya sauko ya zauna a bakin teburina yana cin gyaɗata, bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Na ce ya dawo mini da madubina, ya ce in sayi wani.

Takardarka ta zo ana cikin haka. Ban yi zaton tambayarka ta farko za ta zama wane ido ne ba. Na hagu ne kuwa. Ka ce tun yana ƙarami idon hagu ke sauko masa in ya zana fuska, kuma bayan ka karɓe buroshi daga hannuna, ba ka taɓa sallamar allo ba sai ka ga na wuce ta gabansa ban tsaya ba. Baba, shekara ashirin kana riƙe da wannan maganar, me ya hana ka faɗa? Na karanta wurin sau uku. Amma kar in yi maka ƙarya, ko yau aka ce in ba da idon nan a ba ni hannun Auta, kafin a rufe baki na miƙa.

Na kuma ƙirga. Auta sau huɗu, ni sau biyar. In ke ce kika ƙara ɗaya, ƙanwata, kar ki gaya mini.

Ɗanka, Mai Ido.