Albasar Bahijja Mai Lamba

Dandin Mahe,
Ƙaramar Hukumar Shagari.

Zuwa ga angona Surajo, a can Legas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sharrin motocin garin nan, Ya kuma ƙara maka nama a jiki, don hoton da ka aiko na ga wuya kamar na zalɓe. In haka matan Legas ke ciyar da miji, gara ka dawo wurin tsohuwarka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai gwiwata da ke gaya mini labarin ruwa tun kafin hadari ya haɗo. Babanku yana can Bodinga da koyarwarsa. Baffanka Bawa ya kwashe albasar fadama, ya cika rudu biyu na ajiyar albasa. Zainabu matar maƙwabcinmu Mode ta sauka lafiya, an samu ɗiya, kuma ka riƙe wanga labari, don zai dawo a gaba. Da hannuna na rubuta, da ɗan bokon yaƙi da jahilci da ya rage mini. Ban ba ƙanwarka Bahijja ta rubuta ba, saboda ƙararta na kawo, kuma na san za ta rage wa maganar gishiri. Ɗanjuma direban motar albasa zai kawo maka.

To, sai maganar da ta sa na ɗauki biro. Kai Surajo, mi na yi maka? Tun ranar da ka aiko wa yarinyar nan kwamfuta, ka kuma gaya mata akwai wata makaranta a Abuja da ke ɗaukar masu koyon rubuta wa na'ura umarni, ban sake samun jika a gidan nan ba. Da ita ke dama mini fura, ta shafa mini man zafi, mu yi tsegumin mutanen unguwa. Yanzu in na kira ta sai ta ɗaga mini hannu kamar ɗan sandan kan titi. Ta ce sai an warware tambayoyi biyar cikin mako ɗaya kafin a ɗauki mutum, kuma ana rufewa ranar Alhamis da la'asar. Babanku kuwa ka san shi, magana ɗaya yake yi. Ya ce gwaji ɗaya ya yarda mata. In ta ci, ta tafi da albarkarsa. In ta faɗi, ta rufe wanga akwati ta shiga karatun malanta kamar yadda ya tsara mata tun farko. Ita kuma ta ce da ta tsaya gaban allo da alli gara ta yi tallan daddawa. Ka ga abin da ka ƙulla daga nesa, ka bar ni da kwancewa.

Na ce bari in ga waɗanne irin tambayoyi ne suke hana ɗiyar mutane cin tuwo. Wallahi da ta fassara mini sai da na riƙe haɓa. Wai a ba ka kalma ka juya ta ta baya. Wai ka faɗi sau nawa harafi kaza ya fito a cikin suna. Har da sunana ta yi gwaji, ta zo tana murna wai na'ura ta gano akwai “a” uku a Rahamatu. Na ce mata shekara saba'in ina ɗauke da su ba wanda ya ba ni takardar shaida. Ta ce ai ba amsar ake nema ba, hanyar ake nema, wadda za ta yi aiki ko da an kawo suna dubu. Abin da ya fi ba ni haushi, wai a wurinku ba a fara ƙirga da ɗaya, da sifili ake farawa. Ta jera mu a tsakar gida, ta ce ni ce ta sifili, Bawa na ɗaya, ita ta biyu. Ni da na haifi ubanta! Na ce Allah Ya isa tsakanina da wanda ya ƙago wanga lissafi.

Huɗu ta gama su cikin kwana uku. Ta biyar ce ta zame mana ƙarfen ƙafa. Tambayar ita ce, a ba ka jerin lambobi, ka nemo wuri mafi tsawo inda kowace lamba ta fi wadda ke bayanta girma, ka faɗi guda nawa ne. Ta rubuta abinta ta aika. Can wurinsu ana gwada shi sau ashirin da jeri iri-iri waɗanda ba a nuna wa mutum. Sha tara suka yi kore, ɗaya ya yi ja. Ta gyara, ja. Ta sake, ja. Ta kira ka, ka ce ba ka da ikon gaya mata don amana ce, ta yi tunani kawai. Madalla da amana. Kai kana can kana shan iskar teku, ni ke nan da mai kumburin fuska.

Daga nan sai ta koma kan albasata. Ta buɗe rudu ta ɗebo manya-manya guda talatin, ta rubuta wa kowace lamba da baƙar tawada, ta shimfiɗa tabarmata ta sallar walha a ƙarƙashin rumfa ta jera su. Tana bin su da tsinke ɗaya bayan ɗaya tana magana ita kaɗai, wai ita ce na'urar. Ta jera daga ƙarama zuwa babba, daidai. Ta juya su, daidai. Ta ware masu lamba iri ɗaya ta jera su, daidai. Kwana biyu ba mai ikon ratsa rumfar nan, har kaji sun koyi zagayawa.

Ranar Alhamis ɗin ta zo daidai da sunan ɗiyar Zainabu. Da hantsi ba wuta, kwamfuta ta mutu, sai Bahijja ta hau mashin zuwa Shagari neman caji. Tana fita aka aiko daga gidan Mode cewa mata sun ɗora tukwane, albasa ta gaza. Ka san al'ada, maƙwabciya ba ta zuwa gidan suna hannu na dukan cinya. Bawa ya tafi da makullin ɗakin da tsani yake, ni kuma gwiwata ba ta hawa rudu. Na duba, ga albasa talatin a kan tabarma, zaɓaɓɓu, an ma share musu ƙasa. Na ce ai rubutu ba ya hana miya daɗi. Na tattara su kaf a zani na kai.

Kai, da ka ga abin da ya biyo baya! Matar da ta fara ɗauka ta ga arba'in da bakwai a jikin albasa, ta saki wuƙa ta yi salati. Wata ta ga tara, wata ta ga sifili. Nan take aka fara raɗa wai an yi wa mai jego aike. Uwar Zainabu ta ce ba za a zuba ko ɗaya a tukunya ba sai malam ya duba. Ni da farin gashina, na tsaya gaban mata ashirin ina rantsuwa cewa ba sammu ba ne, karatun kwamfuta ne, suna kallona kamar na ƙara wa laifin nauyi. Sai da na ɓare mai sifilin nan na gartsa mata haƙori ɗanya a gabansu, hawaye na zuba, sannan aka yarda aka yanka sauran.

Na dawo gida da azahar, baki na yaji, zuciya na tafasa, na iske Bahijja tsaye kan tabarma wayam tana kuka, wai na kashe ta, saura awa biyu kuma ba ta da abin gwaji. Ni kuma abin ya kai ni maƙura. Na ce mata tunda na'urar tata ta fi kowa wayo, to ga tabarma nan ba kome a kanta, ta sa ta ta ƙirga babu. Na ƙara da cewa ko yarinyar da aka fara koya wa girki ta san a leƙa ƙwarya kafin a zura ludayi. Faɗa nake yi, Allah Ya sani, ba taimako ba. Sai na ga kuka ya tsaya cak. Ta dubi tabarma, ta dube ni, ta ruga ɗaki har tana tuntuɓe da buta. Ashe umarnin da ta rubuta, abu na farko da yake yi shi ne ya kai hannu ya ɗauki lambar farko, bai taɓa tambaya ko akwai ta ba. In aka miƙo masa jerin da ba kome a ciki sai ya faɗi warwas. Layi biyu ta ƙara, cewa in ba kome, amsa sifili ce. Ta ruga bakin makarantar firamare inda sabis ke kamawa, ta dawo tana ihu ba ko takalmi. Ashirin ɗin duka kore.

Shekaranjiya saƙo ya zo, sun ɗauke ta. Babanku ya taso daga Bodinga, ya karanta sau biyu, ya ce magana ɗaya yake yi, Allah Ya sa albarka. Kowa na ta yi mini barka, wai hikimar tsofaffi. Wace hikima? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Da na yi shiru na hadiye faɗana, da tana nan Bodinga tana karatun malanta, duk Juma'a in gan ta. Yanzu nan da mako biyu za ta tafi, wata tara cur, kuma da bakina na buɗe mata ƙofa.

Jiya na zauna ina ƙirga jikokin da suka kwana a ɗakin nan. Kai ka tafi, Nabila ta yi aure a Danchadi, ga wagga ita ma ta ɗaure kaya. To, malamin na'ura, ga tawa tambayar, kuma kada ka ce mini amana ce. Ita ta rubuta layi biyu saboda ranar da jeri zai zama ba kowa. Ku mi kuka rubuta saboda ɗakina? Ba na karɓar amsa ta waya. Ka kawo ta da ƙafarka kafin a dasa albasar baɗi.

Bawa da iyalinsa suna gaishe ka. Mode da Zainabu suna gaisuwa, uwarta kuwa har yau ba ta cin abin da ya fito daga gidanmu. Ka gaida Yahaya abokin zamanka, ka ce na gode da turaren. Bahijja ba ta san na rubuta ba, kada ka gaya mata ƙarshen takardar, so nake ta tafi da dariya. Allah Ya yi muku albarka duka, Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum, ta sifili a gidan nan,
Kakarka Rahamatu.