Magulmaciya a Gwangwanin Biskit

Zuwa ga ƙanwata Irmtraud,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar taki? Yaya maigidan, har yanzu yana warin kamfanin kifin gwangwanin nasu? Yaya agogon bangon Mama da kika ɗauke ba ki tambayi kowa ba? Ni lafiyata ƙalau, duk abin da likita ya gaya miki ki watsar.

Bayan haka, ki ji cin mutuncin da aka yi mini a ƙungiyarmu ta masu jirage marasa inji. Kin tuna Solveig, jikar mai gidan burodi, wadda na taɓa ɗauka a kafaɗa ta jiƙa mini wuya? To ita ce yanzu shugabar masu koyarwa. Ta kafa doka wai ba wanda zai ƙara tashi sai da na'urar gargaɗi a jirginsa, kuma a kunne. Wata 'yar aba ce kamar sabulu, da eriya da fitilu. Wai tana hira da 'yan'uwanta na sauran jirage, in wani ya nufo ka sai ta kwarma ihu. Wanda ya ƙi, ya zauna a ƙasa yana jan igiyar da ake tayar da jiragen da ita.

Ni Wendelin, da na haɗa fukafukan jirgina da hannuna tun ubanta bai fara aske gemu ba! Na ce mata abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau hasumiyar coci ba zai gani ba. Ta ce, "Baba Wendelin, ai babban ne wuyansa ba ya juyawa hagu." Sharri ne. Yana juyawa, lokaci kawai yake so a ba shi. Ottmar, tsohon ɗan ƙungiyarmu, na gefe yana dariya, shi da ya goge mini fiffike da ƙofar rumfar jirage tun muna da gashi, har yau bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ƙara gaishe shi ba. Wai tasa na'urar ba ta taɓa damunsa ba, ya iya zaɓe.

Na gwada abar, na raɗa mata suna Magulmaciya. In mun taru ƙarƙashin gajimare muna kewayawa don iska mai ɗumi ta ɗaga mu, kowa na ganin kowa, sai ta yi ta ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Amma ranar da shamuwa ta kusa shigo mini ta gilashi, ko tari ba ta yi ba, wai shamuwa ba ta sayi tata ba. Duk wanda bai ɗauki irinta ba, makauniya ce a kansa. Wannan ce za ta tsare ni?

Na dai samo maganinta. Doka ta ce a jirgi, a kunne. Ba ta ce a ina ba. Na kwantar da eriyar, na saka ta a gwangwanin biskit na marigayiya matata Hedwig, na danne murfi. Tsit kike ji.

Ki gaishe da yara.

Yayanki,
Wendelin

*

Irmtraud,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Na san surutu ya riga wasiƙata isa, to ki ji daga bakin mai abin.

Ran Asabar ina saman tudun da ke bayan ƙauye, sai kawai inuwa ta rufe ni ta hagu. Kafin wuyana ya gama shawara, cikin wani jirgi ya shuɗe ta kaina, har na ga ciyawar da ta maƙale a tayarsa. Ottmar ne. Da na sauka sai da na ɗan daɗe a zaune, ba don tsoro ba, igiyar takalmina nake gyarawa.

Kin ga maganata ta fito? Magulmaciya ba ta ce uffan ba! Na faɗi haka a gaban kowa. Solveig ta leƙa jirgin, ta ɗauko gwangwanin, ta buɗe. Wai ƙarfe yana toshe mata baki da kunne, ba ta jin kowa, ba mai jin ta, na ɓace wa duk jiragen da ke sama. To wa ya gaya mini? Ni a wace makaranta aka koya mini haka? Sauran biskit ɗin ma samarin ƙungiyar suka cinye a tsaye.

Ottmar ya taso yana kumfar baki: "Tsohon banza, ka so kai ni kabari!" Yana nuna tasa na'urar a tsaye kan allon gaban jirginsa, da jar fitilarta. Solveig ta duba, ta dafe kai. Ashe abar sai an sabunta mata ƙwaƙwalwa duk shekara, in ba haka ba ta yi yaji. Tasa tun lokacin ƙanƙara ta daina aiki, jar fitilar nan kuka take yi, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce. Na ce, "Ka iya zaɓe, mai ido ɗaya da rabi!" Don kowa ya san idonsa na dama ya yi hazo, ɓoyewa yake yi.

Sun ce mu kawo kek na tuffa ga kowa, yadda aka saba in mutum ya yi aika-aika. Ban kai ba. Kwamiti zai zauna a kanmu.

Irmtraud, in suka hana ni tashi ban san inda zan sa kaina ba. Tun rasuwar Hedwig shirun gidan nan yake bi na har kicin. A sama ne kaɗai shiru ba ya ciwo. Kada ki karanta wa mijinki wannan.

Naki,
Wendelin

*

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ga kek ɗin da kika aiko, na kai musu, ban ce ni na gasa ba, ban kuma ce ba ni ba ne. Ya ɗan bushe.

An yanke hukunci. Ni da Ottmar ba mai ƙara tashi shi kaɗai. Amma Solveig ta ce tunda ni hagu ce ta gagare ni, shi kuma dama, in an haɗa mu mun tashi matuƙi guda. An ba mu jirgi mai kujera biyu, ni gaba shi baya, Magulmaciya a fili, eriya a tsaye.

Jiya muka tashi. Abar ta riga mu duka ganin wani ƙaramin jirgi da ya fito daga cikin hasken rana, muka kauce. Ban ce tana da amfani ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Matsalar Ottmar ce. Daga tashi har sauka bakinsa a ƙeyata: "Hagu, kurma! Shamuwa! Ka karkace! Haka Hedwig ta yi ta fama da kai?" Yana ganin tsuntsu, yana ganin gajimare, har tsohon laifina yana gani. Maganar fiffike kuwa, wai ƙofar ce ta yi. Mun yi gardama har gida, ya zauna ya shanye mini kofi, ya ce gobe ma zai zo. Ita Magulmaciya ko ba komai tana da makunni.

Don Allah ki tambayi mijinki ko a kamfaninsu ana samun gwangwani babba mai murfi, wanda zai ci mutum mai tsayin Ottmar.

Agogon kuma ban manta ba.

Yayanki,
Wendelin