Matar Kassalafam

Daren Laraba, unguwar New Bell

Leɓena ya kumbura, ruwa ma da ƙyar na sha. Da biro nake rubutu yau, wayata ta mutu.

Ina tankaɗe bayan la'asar Yaya Hamadu ya faɗo gidan ko sallama babu. Ya fizgi wayar ya maka ta da bango, ya bi ta da takalmin ofis har gilashin ya zama gari. Ina miƙewa ya kwaɗa mini mari. Na rarumi muciya, da Inna ba ta riƙe ta ba da na fasa masa kai. Wallahi da na fasa.

Yana ta ihu: "Tu es folle? Kin haukace? Uban wa ya gaya miki ina da mata a unguwar Kassalafam?"

Babu wanda ya gaya mini. A labarin da nake rubutawa ina tura wa ƙawayena, tafiyar Yaya kawai na ara wa mutumin da ke ciki, da yadda yake murza agogo in zai yi ƙarya. Matar da ya ɓoye da jaririnta, a kan tabarmar nan na ƙirƙiro su. Ashe wata cikinsu ta tura masa.

Inna ta saki muciyar, ta tsaya tana kallonsa. Sai ya kama murza agogo.

Abin da ban tura ba ya tafi da wayar, kuma ina tsoron wayewar gari a gidan nan.

Amma matar nan sai can ƙarshen labarin take fitowa. Ƙawayena a tsakiya suka gaji. Yaya, mai cewa Hausa ba yaren littafi ba ne, shi ya karanta duka.