Kifin Noreen a Kan Dutsen Babanku

Westport,
27 ga Oktoba.

Zuwa ga ɗana Duarte,

Kada ka sake rubuta wa matar ƙaninka ko kalma ɗaya sai ka karanta wannan takarda har ƙarshe, kuma a zaune. Na san halinka, layi biyu kake karantawa ka yanke hukunci.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Celeste da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku zafin Arizona. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau duwatsu. Sanyi ya fara shigowa, kifin nan mai zane kuma ya biyo gaɓar teku yana gangarawa kudu. Kifi ya yi yawa bana, tsuntsaye ba sa hutawa a kan ruwa.

Ƙaninka Gilberto ya nuna mini abin da ka aika wa matarsa Noreen. Ka ce gashin kazan da take ɗaurawa a ƙugiya wasan 'yan hutu ne, ba kamun kifi ba ne. Ka ce ita ta tona asirin dutsen babanku ga mutanen gari. Ban raine ka don ka yi wa mace irin wannan magana ba. Kuma ni na haife ka, na san abin da ke cinka. Shekara goma sha takwas ka yi kana jefa ƙugiya daga dutsen nan da kifin katakon da babanku ya koya maka sassaƙawa, ba ka taɓa ɗaga irin nata ba. Yanzu kana zaune a garin da ruwa sai na famfo, aka turo maka hoto. Ƙyashi ne, Duarte. Na gane shi nan take, domin ni ma shi ke cina.

Ina wurin ranar. Alhamis ce, rana ta ɗan ɗaga, ruwa ya fara janyewa. Na zo da bokitina na ƙananan kifaye masu rai, yadda nake yi tun kafin a haife ku, ita kuma ta zo da siririyar sandarta. Na ce mata, 'yar nan, mai zane abinci yake nema, ba kwalliya ba. Ta yi dariya ta ce in bari ya faɗa da bakinsa. Awa biyu ina tsaye, ko ƙaguwa ba ta taɓa ƙugiyata ba. Sai na ga sandarta ta lanƙwashe kamar za ta karye. Kusan rabin awa suna ja, ni kuwa, da gicciye a wuyana, ina roƙon Allah a zuciyata zaren ya tsinke. Bai tsinke ba. Da ta ɗago shi, daga ƙasa har ƙirjinta ya kai. Ta ce in yi sauri in ɗauki hoto, amma in juya ta wajen teku kada hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta fito a bayanta a gane wurin. Daga nan ta durƙusa, ta riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ta sake shi. Ban ce mata barka ba. Abin da na ce shi ne ruwa ya yi sanyi, mu tafi.

Hoto biyu na ɗauka. Wanda aka turo maka teku ne kawai a baya. Na farkon kuwa, da na ɗauka kafin in juya, hasumiya na tsaye a ciki ƙiri-ƙiri. Shi na kai shagon kayan kamun kifi na tsoho Amadeu, don kawai ya gaya mini cewa wanda babanku ya kama, mai hoto a bangon falo, ya fi shi girma. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, Filomena, ki yi haƙuri, wannan ya ɗara na mijinki Anselmo da tafin hannu guda, kuma wai da gashin kaza! Ashe ya bar kallon kifin, bayan hoton yake kallo, shi da wasu maza uku da suka leƙo ta kafaɗata. Ranar Asabar mutum goma sha ɗaya na ƙirga a kan dutsen. Shekara arba'in muna ɓoye wurin nan. Babanku har a bakin coci yake ajiye mota ya taka mil guda don kada a bi shi. Ni na bayar da shi cikin minti biyu.

Noreen ta san ni ce, amma da ka ɗora mata laifin ba ta tona ni ba. Ta dai gaya wa Gilberto ba za ta zo cin abincin rufe kamun kifi na watan Nuwamba ba, shi kuma ya ce inda ba ta je ba, ƙafarsa ba za ta taka ba. Ka ga za ka sha doguwar tafiya ka tarar da rabin teburi babu kowa. Ranar Lahadi na gasa burodi mai zaƙi na kai mata, na faɗi abin da na yi. Ta ce, Mama, dutse ai na Allah ne, abin da ya dame ni shi ne shekara shida ina gidan nan, duk kifin da na kama sai a tambaye ni da me, ba wanda ya taɓa cewa barka. Gilberto ya ce shi ma haka, tun da ya sayi jirgin ruwa mai na'urar nuna kifi kake kiransa mai kallon kifi a talabijin, ni kuma ina taya ka dariya. Har yanzu in na tuna girman kifin nan sai ƙyashin ya taso mini, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba zan bar shi ya raba mini 'ya'ya ba.

Ka gaishe da Celeste, ka ce mata maganin gwiwar ya iso. Ka gaishe da yara, Inês da Tomé. Gwaggonka Lurdes tana gaishe ka.

Ga dokar gidana daga yau. Duk wanda ya ce ya kama kifi, da mai rai ne, da katako, da gashi, ko daga jirgi, barka za a fara ce masa, kuma ba mai tambayar da me sai an gama shan miya. Wanda ya fi kowa kamu a shekara shi zai zauna a kujerar babanku, bana ta Noreen ce. Wanda ya raina kamun wani, a tsaye zai ci a baranda. Ni ce ta farko a barandar, na riga na zaɓi mayafin da zan yafa. Idan ba ka kira ta ka ba ta haƙuri kafin ka hau jirgin sama ba, akwai wuri kusa da ni, ka zo da rigar sanyi.

Mahaifiyarka,
Filomena