Kofin Shayi Bisa Motar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Garba.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Isa lafiya lau, gero ya yi kyau bana.

Saura kaɗan 'yan gwangwan su ɗauke motar Amurka ta marigayi Baba kamar yadda munka shirya, tunda duk wanda ya taɓa ta, tari kawai take yi. Sai Malam Idi, tsohon makaniken Burkusuma, ya ce mu dakata.

Ya goge fulogi takwas ɗin nan, ya auna tazarar kwantak, wato bakin da ke ba fulogi wuta, da kwalin ashana. Da ta tashi, ya aza kofin shayinsa bisa injin, yana murɗa distiributa mai raba wuta a hankali, shayi na ta zuba. "Ku bar kallona, ku dubi kofin," in ji shi. Yaya, wallahi shayin nan ya tsaya cak kamar bisa tabarma, injin kuwa na gurnani!

Inna ta fito ko takalmi babu, ta dafa motar ta ce, "Haka take yi in Babanku ya dawo daga Sakkwato."

Ba za ni iya sayar da ita ba, ka yi haƙuri.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe mini da Hadiza da yara.

Ƙanenka,
Bello