Ranar da Kanai Ya Faɗi a Ramin Shuni

Daga Nadiya, ƙasar Bengal

Yayata Malati,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Ma, mahaifiyarmu, yaya yara? Ni lafiya lau, ana ba mu shinkafa, gyambon ƙafata ma da sauƙi.

Didi, yayata, ƙanenmu Kanai ya rasu. Muna cikin ramin shunin Baturen da muke wa aiki, ruwan baba har ƙugu, muna bugun ruwan da sanduna, sai zazzaɓi ya kayar da shi ya nutse. Na yar da sandata don in ciro shi, shugaban aiki ya zabga mini bulala ya ce, "Ci gaba da bugu, ɗan banza, kada shunin Bature ya lalace." Sai da launi ya kama aka bari na ciro shi. Na wanke fuskarsa har na gaji, shuɗin ya ƙi fita. Haka muka ƙona gawarsa a bakin kogi bisa al'adarmu.

Kada Ma ta ji yadda abin ya faru. Ki gaya mata a kan tabarmarsa ya cika, ina riƙe da hannunsa.

Ƙanenki,
Nobin