Abin da Inna Ta Faɗa a Waya

Yaya,

Ina gaida ke da maigidan da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu, ina zuwa ofis kullum. Sai dai na kasa sa abin sauraro a kunne, har shugaban sashenmu ya tambaye ni ko zan iya ci gaba da aikin. Ban ba shi amsa ba.

Kin sha tambayata aikin me nake yi. Manhaja muke rubutawa mai matse muryar mutum don ta wuce ta layin waya. Duk sautin da ya yi ƙasa sosai, sai ta ɗauka hayaniya ce ta zubar. Shekara shida ina gyaran wannan ɓangaren da hannuna.

Ranar da kika kara wa Inna waya a baki, kika ce, "Auta, ga ta tana maka magana," ban ji komai ba, Yaya. Muryarta ta yi rauni, layin ya share ta. Ban sani ba ko tamu ce, amma irinta ce. Ina ta cewa, "To, Inna, to." Da kika ce, "Ka dai ji ko?" na ce na ji. Ƙarya na yi miki.

Don Allah ki rubuto min abin da ta ce, ko da faɗa ne kan rashin zuwana. In ke ma ba ki ji ba, kada ki ƙirƙiro don ki lallashe ni.

Ƙaninki,
Auta